Shaida da Biya: Abin da Tarihin Ƙasar Bakalori ke Koya wa Masu Gina Shafin Intanet

Gabatarwa

Duk hukumar da ta ƙudurta gina shafin intanet wanda jama'a za su riƙa shiga da kalmar sirri, su kuma biya kuɗi ta cikinsa, muhawarar farko da kan taso ita ce ta fasahar da za a yi ginin da ita: ko PHP da Laravel, ko Python da Django, ko kuwa WordPress. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa akwai tambayoyi biyu da suka girmi wannan muhawara, watau yaya za a tabbatar da mai haƙƙi, yaya kuma kuɗi za su isa inda aka nufa. Za mu kafa hujja da tarihin yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Zamanin Rajistar Takarda

Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato. Aka karɓi gonaki, aka auna, aka rubuta sunaye domin biyan diyya. Manoma ba su gamsu da awon ba, balle biyan, har suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka far musu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Ko da yake rikicin yana da dalilai da dama, a gindinsa akwai rajistar da talakawa ba su amince da ita ba.

Zamanin Wayar Hannu

A 2012, sa'ad da Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin GES. Kamfanin Cellulant ya gina tsarin da kan aika wa manomi saƙo ta waya, ya je ya karɓi taki buhu biyu a rabin kuɗi. Dabarar ta rage 'yan-na-kama, amma fa ta ɗauka cewa kowane manomi yana da waya, kowane ƙauye kuma yana da sabis. Da wannan zato ya ci tura, sai a 2014 aka gwada, a Jihar Sakkwato da Abuja, wani kati wanda ke aiki ko babu sabis. A shekarar ce kuma Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN domin tantance masu ajiya. Daɗin daɗawa, a Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, duk wata hulɗa da ta dogara ga intanet kaɗai ta tsaya cik na makonni.

Kammalawa

Daga wannan tarihi muna iya tsamo ma'auni uku. Na farko, kada magini ya ƙago tsarin shiga na kansa. Django, wadda ta fito a 2005, da Laravel ta 2011, duk sun tanadi gwajajjiyar hanyar adana kalmar sirri a ɓoye. Na biyu, kada shafi ya ajiye lambar katin kowa. A miƙa biya ga kamfani mai lasisi, irin su Interswitch ko Remita ko Paystack, kowane biya kuma ya fito da lambar shaida wadda mai biya zai riƙe a hannunsa. Na uku, shafin ya zama marar nauyi, ya kuma karɓi biya ta USSD ko ta banki, domin mai ƙaramar waya a Gidan Goga. Bayan an cika waɗannan, sai a zaɓi fasahar da ake da masu iya gyaranta a kusa, gama shafin da ba mai kula da shi bayan ɗan kwangila ya tafi, sunayen mutane da kuɗinsu yake jefawa cikin hatsari.