Rigimar Ginin Gidan Blenheim

A ƙasar Ingila, kamar mil takwas daga birnin Oxford, a gefen wani ɗan gari da ake kira Woodstock, akwai wani katafaren gida na dutse mai suna Blenheim. A cikinsa aka haifi Winston Churchill a shekarar 1874, shi wanda ya shugabanci Ingila a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya tsaya a ƙofar gidan ya dubi tsayinsa da faɗinsa zai zaci cikin murna da yalwa aka gina shi. Alhali kuwa da wuya a sami gida a Ingila wanda aka sha rigima a kan gininsa kamar wannan. An shekara fiye da ashirin ana ta jayayya tsakanin masu gida da magina, kuma tushen abin duka magana guda ce da ba a rubuta ba tun farko, watau wa zai biya.

Asalin gidan daga yaƙi ne. Ran 13 ga watan Agusta 1704, sarkin yaƙin Ingila, John Churchill, wanda ke riƙe da sarautar Duke na Marlborough, ya karya rundunar Sarkin Faransa Louis na 14 a kusa da wani ƙauye mai suna Blenheim a ƙasar Jamus. Shi ne kakan kakannin Winston. Da labarin nasara ya iso, Sarauniya Anne ta yi farin ciki ƙwarai, ta ba shi tsohuwar gonar sarauta ta Woodstock kyauta, ta kuma ce za a gina masa gida a wurin da kuɗin baitulmali. Amma ba a yi takarda an ce ga yawan kuɗin da za a kashe ba, ba a kuma rubuta abin da za a yi in Sarauniya ta sake shawara ba. A lokacin ba wanda ya ga bukatar haka, domin Sarah, matar Marlborough, ita ce babbar aminiyar Sarauniya tun suna yara, a hannunta ma jakar kuɗin Sarauniya take.

Marlborough ya zaɓi wani mutum mai suna John Vanbrugh ya tsara ginin, ya kuma shugabanci magina. Vanbrugh bai tashi a gidan magina ba. Soja ne da farko, har ya taɓa zaman kurkuku a Faransa, daga baya ya yi suna wajen rubuta wasan kwaikwayo, sa'an nan ya faɗa wa tsara gine-gine, ya kuwa gwanance. Sarah ba ta so shi ba. Ita Sir Christopher Wren take so, dattijon da ya gina babbar majami'ar St Paul a Landan. Ban da wannan kuma, nufinsu bai zo ɗaya ba. Sarah gida take so wanda za a gama da wuri, mai sauƙin zama, inda mijinta zai huta in ya tsufa. Vanbrugh kuwa a ganinsa alamar nasarar ƙasa aka sa shi ya gina, abin da jikoki za su riƙa kallo suna tuna yaƙin, zaman mutum a ciki a baya yake zuwa. Ba a zaunar da su an daidaita wannan saɓani ba kafin a haƙa harsashi.

A watan Yuni 1705 Ma'ajin Ingila, Lord Godolphin, ya rubuta wa Vanbrugh takardar izni. A ciki aka ce an naɗa shi ne bisa roƙon Marlborough, an kuma ba shi ikon ƙulla ciniki da ma'aikata a madadin Marlborough. Ba a ambaci cewa Sarauniya ce mai biya ba. A ran nan ba wanda ya kula da waɗannan 'yan kalmomi, amma su ne suka zama abin kamawa a gaban alkali bayan shekara goma sha shida. Ran 18 ga watan aka aza dutsen farko, kafin kaka kuma ma'aikata fiye da dubu suna ta aiki a wurin.

Tun ba a je ko'ina ba kuɗi suka fara zarce lissafi. An yi tsammani dutsen da ke kusa da Woodstock zai wadatar, sai aka tarar sanyin hunturu yana farfasa shi, tilas aka koma ɗauko dutse daga mahaƙu masu nisa irin na Taynton, ana jansa a keken doki kan hanyoyi masu taɓo. Manyan magina su ne Edward Strong da ɗansa, waɗanda suka yi aikin St Paul, mai sassaƙa kuwa Grinling Gibbons ne, ba shi da na biyu a zamaninsa. Irin waɗannan gwanaye ba su aiki da araha. An fara da zancen kamar fam 100,000, amma kowace shekara sai lissafin ya ƙara tsawo.

Marlborough yana bakin daga a Turai, saboda haka Sarah ce ke sa ido. Mace ce mai kaifin hankali da iya lissafi, ga kuma zafin rai da kaifin harshe. Takan bi takardun biya ɗaya ɗaya, ta tambayi kuɗin farar ƙasa da na ƙarfe da ladan masu keke, kuma kowa a wurinta ɓarawo ne sai ya nuna ba haka ba. A gaskiya tana da abin faɗi. Akwai wani ɗan rafi mai suna Glyme a gaban gidan, sai Vanbrugh ya ɗora masa wata irin gada wadda babban bakanta ya kai ƙafa ɗari a faɗi, har da ɗakuna a cikin jikinta. Sarah ta ce ta ƙirga su, ɗaki 33 ne, ga shi kuwa ɗakin da mai gida zai kwana ba a rufa shi ba. Sa'an nan akwai kangon tsohuwar fadar sarakuna a cikin gonar. Vanbrugh ya rubuta takarda a 1709 yana roƙo a bar kangon saboda tarihinsa da kyaun da yake ƙara wa wurin. Sarah ta ce a rushe. Shi kuwa ya gyara wani sashe da kuɗin aikin, daga baya har ya tare a ciki ba da saninta ba. A nan laifi nasa ne, ba makawa, kuma tun daga nan ba ta sake yarda da maganarsa ba, ko da gaskiya ya faɗa.

Ana cikin haka sai aminci ya ɓaci tsakanin Sarah da Sarauniya. Ganawarsu ta ƙarshe a watan Afrilu 1710 ce, suka rabu baram-baram. A farkon 1711 aka karɓe muƙaman Sarah, a ƙarshen shekarar kuma aka tuɓe mijinta daga shugabancin soja. A 1712 baitulmali ya tsai da biya gaba ɗaya. A lokacin an riga an kashe kamar fam 220,000, ma'aikata kuma suna bin bashin kamar fam 45,000. Marlborough da matarsa suka bar ƙasar, aka lulluɓe kawunan katangu don kada ruwa ya lalata su, wurin ya yi tsit.

To, a nan ne talaka ya sha wuya. Mai keken da ya kawo dutse, da maƙeri, da kafinta, da lebura, in sun je baitulmali sai a ce musu gidan Marlborough ne, in sun nemi Marlborough sai a ce musu kyautar Sarauniya ce. Shi Marlborough tun da farko ya yi hattara, ba ya sa hannu a takardar ciniki, yana kuma gargaɗin matarsa kada ta ba da umurnin da zai sa a ce bashin nasu ne. Wannan dabara ta tsare dukiyarsa, amma waɗanda suka zuba guminsu da jarinsu a katangun ba ta tsare su ba.

Sarauniya Anne ta rasu ran 1 ga watan Agusta 1714, su Marlborough suka komo gida, sabon Sarki George na Ɗaya ya mai da shi muƙaminsa. Gwamnati ta biya masu bin bashi sulusin haƙƙinsu kaɗai. A 1716 aka koma aiki, amma wannan karon da kuɗin aljihun Marlborough, sai aka rage ladan aiki. Su Strong da Gibbons suka ce ba su yi a kan haka, suka kwashe kayan aikinsu, aka kawo waɗanda ba su kai su ba. A shekarar ne kuma ciwon shanyewar jiki ya kama Marlborough, ragamar kome ta koma hannun Sarah. Ta zauna ta cika takardu kusan talatin da laifuffukan Vanbrugh tun daga ranar da aka fara ginin. Da takardun suka shiga hannunsa a watan Nuwamba, ya mayar mata da amsa mai zafi, ya ajiye aikin. Ta damƙa ginin a hannun James Moore, mai yi mata kujeru da madubai.

A 1718 su Strong suka kai Marlborough ƙara a kan tsohon bashinsu. Aka fito da takardar nan ta Godolphin, Vanbrugh ya ba da shaida, alkalai suka ce tun da a madadin Marlborough aka ƙulla cinikin, shi zai biya. Sarah ta ɗaukaka ƙara zuwa majalisar manyan masu sarauta ta Ingila, a 1721 majalisar ta tabbatar da hukuncin. Maimakon ta haƙura, sai ta shigar da tata ƙarar a kan mutum 401 da suka taɓa aiki a ginin, daga Vanbrugh har zuwa ƙananan ma'aikata, tana cewa sun haɗa baki sun cuce ta. Halinta ke nan ko a wani wuri, domin da ta sami Wren ɗin da take so ya gina mata gida a Landan a 1709, shi ma ba su ƙare lafiya ba, ta karɓe aikin ta ƙarasa da kanta.

A 1719 ne iyalin suka tare a sashen gabas na gidan, sauran wurin ana ta aiki. Marlborough bai daɗe yana jin daɗinsa ba, ya rasu a watan Yuni 1722. A wasiyyarsa ya bar wa matarsa fam 10,000 kowace shekara har shekara biyar don ta ƙarasa ginin. Abin mamaki, matar da ta shekara goma sha bakwai tana zagin gidan ita ce ta tsaya ta gama shi, don tunawa da mijinta, kuma galibi a kan tsarin Vanbrugh. Ta kira Nicholas Hawksmoor, tsohon mataimakinsa, ya gina babbar ƙofar shiga daga Woodstock a 1723, aka rushe kangon nan, aka kafa doguwar hasumiyar nasara a 1730. Jimlar abin da gidan ya ci ta kai kamar fam 300,000, wajen fam 60,000 daga dukiyar Marlborough.

A 1725 Vanbrugh ya zo Woodstock tare da matarsa da waɗansu manyan mutane don kallon gidan. Mai gadi ya nuna umurnin Sarah cewa kowa ya shiga ban da shi da matarsa. Abokan tafiyarsa suka shiga suka yi kallo, su biyu suka zauna a masaukin baƙi na garin. A shekarar ne babban ministan Ingila, Sir Robert Walpole, ya sa aka biya shi sauran ladansa, ba da son ran Sarah ba. Ya rasu a watan Maris 1726, ita kuwa ta rayu har 1744.

Bayan shekara ashirin da rasuwarta, ɗan jikanta ya ɗauko wani gwanin tsara lambu mai suna Lancelot Brown, ya datse rafin Glyme, ruwa ya taru ya zama babban tafki. Sai a sa'an nan gadar Vanbrugh ta sami ruwan da ya dace da girmanta, ɗakunan ƙasa da ke jikinta kuwa ruwan ya shanye su.