Sansanin 'Yan Sikawut na Philmont

Philmont sansanin matasa 'yan sikawut ne da ke kusa da garin Cimarron a jihar New Mexico ta Amurka, cikin tsaunukan Sangre de Cristo. Faɗinsa ya haura eka 140,000. Attajirin man fetur Waite Phillips ne ya ba ƙungiyar sikawut ta Amurka kyautar filin a 1938, ya ƙara wani a 1941 tare da gidansa, Villa Philmonte. Ya kuma haɗa da benen Philtower na birnin Tulsa domin kuɗin hayarsa ya riƙe sansanin, abin da ya nuna hangen nesansa.

A lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, matasa kan shiga daji rukuni-rukuni, su yi tafiyar ƙasa ta kwana 7, 9 ko 12, kowa da kayansa a baya. A zangunan da ke kan hanya ana koya musu hawan duwatsu, hawan doki, ƙira da wankin zinariya. Ɗaya daga cikin duwatsun da aka fi kwaɗayin hawa shi ne Baldy, mai tsayin ƙafa 12,441.

A 2018, wata gobarar daji ta sa aka soke tafiye-tafiyen lokacin zafi na shekarar.