Littafin da ake karantawa da yatsu

Duk wadda ta tashi a ƙasar Gumel ta san Alƙur'ani rubutun hannu ba a ɗinke yake ba. Warƙa-warƙa ne, a sa a tadarishi, a naɗe da ƙyalle, sannan a zura a gafaka. Rubutun na malam ne, fatar ta dukawa. Amma ƙyallen nan, a zamanin kakanninmu, daga hannun mace yake farawa: ita ke gurza auduga, ta shiɓe, ta kaɗa zare da mazari kafin ya kai ga masaƙi.

Wanda shafukansa kansu ƙyalle ne kuwa, daga waje muka gan shi. A 1903 kamfanin Dean's Rag Book na Landan ya soma buga wa yara littafi a kan yadi, wanda ba ya yagewa, in ya yi dauɗa a wanke. A 2002 wata tsohuwa mai fasaha a Amurka, Louise Bourgeois, tana wajen shekara 90, ta yayyanka tsofaffin tufafinta ta ɗinka littafi da su. Da muka ji, cewa muka yi ashe mai faci ce irinmu!

Namu daga ragowar yadi ya samo asali, wanda da can sharewa muke yi. Shafi ɗaya atamfa, ɗaya shadda, wani mu ɗinka masa dagi ko aska takwas da zare mai kauri yadda yatsa zai bi. Ɗiyar wata 'yar ƙungiya daga Gagarawa, wadda ba ta gani, ita ta gyara mana aikin: ta ce shafukanmu duk santsi ɗaya ne. Daga nan muka shiga neman tsohon saƙi, mai kaushin nan.

A nan muka sha mamaki. Ranar Alhamis muka zaga kasuwar Maigatari, yadin kanti ko'ina, saƙin hannu sai da ƙyar. A cikinmu ma, masu iya kaɗi duk sun manyanta.

Wasu 'yan uwa sun ce littafin nan ba ya kawo kuɗi kamar hula, kuma gaskiyarsu ne. Duk da haka ba za mu bari ba. Wadda ke da tsohon zanen saƙi a adaka, daga nan har Sule Tankarkar, ta taimaka mana da ko tafin hannu ne. In na gado ne, don Allah a bari a raba tukuna.