Daga karan ɗori zuwa ƙarfen likita



Tun da moto ya yawaita bisa hanyoyinmu karaya ta yawaita, gardama kuma ta biyo baya. In yaro ya karye, wasu su ce a kai shi wurin maɗori, wasu su ce likita. Masu gudun likita tsoronsu guda ne: wai can ƙarfe ake sa ma mutum cikin jiki. Shi ya sa munka ga ya dace mu kawo tarihin wanga ƙarfe, don kowa ya san inda ya fito da abin da yake yi.

Mu fara da abin da kakanninmu sunka sani. Ƙashi da kansa yake haɗewa, da ikon Allah. Aikin maɗori shi ne ya ja gaɓa, ya daidaita bakin ƙashi, ya jera karan ɗori, ya ɗaure don kada wurin ya motsa. Har yau likita bai da wata dabara da ta wuce wannan. Abin da ya canza shi ne abin riƙon.

Wanga ilimi tsoho ne. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya rubuta littafin At-Tasrif mai kashi 30. A kashi na ƙarshe ya yi bayanin ɗori da fiɗa, ya zana kayan aikinsa, ya kuma ambaci ɗinkin cikin jiki da zaren hanjin dabba, irin wanda jiki ke shanyewa. Littafin ya yi ɗaruruwan shekaru ana karanta shi a makarantun Turai. A 1851 kuma wani likitan soja ɗan Holan, Mathijsen, ya ƙago ƙyallen da ake barbaɗa ma farin gari, a jiƙa, a naɗa, ya bushe kamar dutse. Shi ne farin ɗaurin da muke gani yau.

Amma ɗaurin waje yana da iyaka. A wancan zamani, in ƙashi ya huda fata ya fito, ciwon yakan ruɓe. Likitocin Turai ma yanke gaɓar suke yi, kuma da yawa ba su tashi. A 1865, a birnin Gilasgo, anka kawo ma likita Lister yaro ɗan shekara 11 wanda amalanke ya taka ma ƙwauri. Lister ya wanke ciwon da ruwan maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta, ya rufe shi da tsabta. Bayan kamar sati 6 yaron ya tafi da ƙafafunsa biyu. A 1877 Lister ya buɗe gwiwar wani mutum, ya ɗaure fasasshen ƙoƙon gwiwar da wayar azurfa. Tsabta ce ta buɗe ma ƙarfe ƙofa.

A 1886 Hansmann, a Hambug ta Jamus, ya ɗora fallen ƙarfe bisa karyayyen ƙashi, ya kafe shi da ƙusoshi masu murɗi. A 1895 Röntgen ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi, wanda muke kira radiyo. Ƙarafan farko sun ba da wahala, don suna tsatsa, suna karyewa. Sai da anka samu ƙarfen da ba ya tsatsa, daga baya kuma titaniyom, sannan aikin ya zauna.

A ƙarshen 1939 Küntscher, a garin Kiel, ya zo da wata dabara: ya zura doguwar ƙusa cikin ramin ɓargon cinya. Da, mai karayar cinya sai ya yi watanni kwance, an rataya ma ƙafarsa nauyi. Da wagga ƙusa sai ya tashi da sanda cikin ɗan lokaci. A 1945, da fursunonin yaƙi sunka koma Amurka, likitocin can sun yi mamakin ganin ƙarfe cikin cinyoyinsu. Bayan 1950 kuma Ilizarov, a Kurgan ta ƙasar Rasha, ya ƙera zobban ƙarfe da ake kewaya ƙafa da su daga waje, da siraran wayoyi masu ratsa ƙashi. Da su ake tsawaita gajeriyar ƙafa, milimita 1 kowace rana. A 1958 wasu likitocin Suwis sunka kafa ƙungiyar AO, sunka daidaita girman falle da ƙusa, sunka shiga koya ma duniya.

Zare ma ya yi tasa tafiya. A 1970 anka fito da zaren masana'anta mai narkewa cikin jiki, ya fara maye gurbin na hanji. Wajen 1985 anka ƙago wata ƴar ƙusa mai zare a gindi. Ana kafa ta cikin ƙashi kamar turke, a ɗaure tsinkakkiyar jijiyar kafaɗa da zaren, har ta kama.

To, mi wanga tarihi ke koya muna? Ƙarfen likita karan ɗori ne da anka kai ciki. Ba ya warkarwa, riƙo yake yi. Wani ana cire shi bayan ƙashi ya haɗe, wani ana barin shi har tsufa ba tare da cuta ba. Sau da yawa kuma, ƙafar da anka yanke a likita ta riga ta mutu tun a gida: ko ɗauri ya matse ya tsai da jini, ko ƙasa ta shiga ciwo ya ruɓe.

Ba mu raina maɗoranmu ba. Gado ne, kuma sun tashi mutane da yawa tun ba a san radiyo ba. Amma ido ba mudu ba ne. In ƙashi ya huda fata, in karayar cinya ce ko kwankwaso, in ta shiga gwiwa ko gwiwar hannu, a nufi likita ranar nan. In an yi ɗori sai yatsu sunka kumbura, sunka yi sanyi ko baƙi, ko zafi ya hana barci, a kwance ɗaurin nan take, a kama hanya. Awoyi kaɗan sun isa su kashe hannun yaro.

Ku kuma ƴan ci-rani, in an kira ku an ce wane ya karye, tambayar farko ita ce: an yi radiyo? Kuɗin hoto da na mota su fara isa gida kafin na goro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙashin da ya haɗe a karkace sai an sake karya shi.

Allah shi tsare mu da haɗarin hanya, shi ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.