Ramin binne shara a karkara

Ramin binne shara wuri ne da gari ya keɓe domin sharar da ba ta ruɓewa. Ana zuba shara a ciki, a danne ta, a rufe da ƙasa. Ya sha bamban da jujin bakin gari, inda kowa ke zubarwa yadda ya ga dama, iska ta watsa, awaki su tona.

A da, juji dukiya ce. Toka ce da kashin dabbobi da ƙaiƙayi, manomi ya kwasa a amalanke ya kai gona. Yanzu leda da fasassun kwalabe da matattun batura sun shiga ciki. Saboda haka aikin farko shi ne rarrabewa tun daga gida. Abin da ke ruɓewa a kai shi ramin taki. Ƙarfe da tsofaffin robobi suna da masu saye. Abin da ya rage kaɗai ake binnewa.

Zaɓen wuri shi ne babban al'amari, domin kuskure a nan yana shiga ruwan sha. Idan ruwan sama ya ratsa shara, yakan fito baƙi, mai wari, ɗauke da dafi da ƙwayoyin cuta. Wannan ruwan yana nutsewa ƙasa a hankali har ya tarar da ruwan rijiya. A ƙasa mai rairayi ya fi saurin tafiya. A kwarin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, da Koramar Damagaram, da Majiya a jihar Tawa, ruwa yana kusa, don haka ba a haƙa ramin shara cikin fadama ko a hanyar kwararar ruwa. A nemi tudu mai ƙasar yumɓu, a ƙasa da rijiyoyi, ba a samansu ba. Ko masai ma ana son ya nisanci rijiya da mita 30 aƙalla. Ramin gari duka ya kamata ya fi haka nisa ƙwarai. Gindin ramin ya kasance sama da ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi, kuma a auna da damina, lokacin da ruwa ya hau. Masu haƙar rijiya na garin sun san zurfin ruwa. A tambaye su. A daɓe gindin da yumɓu, a ja ƴar magudana kewaye domin ruwan sama ya bi ta gefe.

Kowace rana, bayan an zuba shara, a baza ta, a danne, a rufe da ƙasa mai kaurin santimita 15. Wannan rufin ne ke hana ƙudaje da ɓeraye, ya kashe wari. A kewaye wurin da shingen ƙaya saboda yara da dabbobi. Tunkiyar da ta haɗiye leda, ledar takan dunƙule a tumbinta, ta rame ko da tana cin abinci, daga ƙarshe ta mutu. A shekara ta 2014 Nijar ta kafa dokar hana yin ledoji marasa kauri da shigowa da su da sayar da su, amma waɗanda suka riga suka watsu a ƙasa ba su ruɓewa cikin sauri.

Kada a cinna wa ramin wuta. Hayaƙin roba yana cutar da huhu, kuma wutar takan daɗe tana ci a ƙarƙashi.

Akwai abubuwan da ba su shiga wannan rami: batura, da baƙin man inji, da galan na maganin ƙwari. Galan ɗin a wanke shi sau uku, a huda shi domin kada wani ya zuba ruwan sha ko mai, sannan a nemi shawarar malamin gona. Allurai da audugar asibiti kuwa aikin ma'aikatan lafiya ne.

Idan rami ya kusa cika, a rufe shi da ƙasa mai kaurin rabin mita ko fiye, a yi masa tozo domin ruwa ya zurare. Ba a gina ɗaki a kansa, domin ƙasar za ta lotsa, kuma iska mai kama wuta tana iya fitowa daga ciki. Maigari da hukumar magajin gari su sa alama a wurin, kada wani ya zo ya haƙa rijiya a nan bayan shekaru.