Keken zubi: kayan gyaran da ya kamata kowane shago ya ajiye

Teloli da dama sun buƙaci mu rubuta bayani kan kayan gyaran keken zubi, wanda wasu ke kira keken surfani. Abin da ya fi tsayar da keke ba babbar ɓarna ba ce. Sau da yawa allura ce, ko ɗan noti, ko igiya. Kuma ba ya tashi tsayawa sai a goman ƙarshe na azumi ko jajibirin sallar layya, lokacin da shaddar mutane ta cika shago, an karɓi kuɗin kafin alƙalami, makanike kuwa kowa nemansa yake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ire-iren kekunan da ke garuruwanmu

Iri uku muka fi gani a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Akwai keken Cornely, mai asali daga Faransa, wanda ake juya shi da hannu ta ƙarƙashin tebur, yana yin ɗinki mai kama da sarƙa. Akwai keken zigizag irin Singer 20U da ƴan kwaikwayonsa. Sai babban inji mai kwamfuta, irin Tajima da Barudan na Japan da ire-irensu na Sin, mai kai ɗaya ko biyu ko huɗu ko shida ko fiye. Kayan wannan ba ya shiga wancan. Saboda haka abu na farko shi ne ka rubuta suna da lambar kekenka a littafi, ka ɗauki hoton ɗan farantin ƙarfen da ke jikinsa ka ajiye cikin salula.

Kayan da ke ƙarewa kullum

Allura ce kan gaba, kuma da lamba ake sayenta, ba da ido ba. Injin kwamfuta galibi DBxK5 yake ci, 20U galibi DPx5, Cornely kuma allura mai ƙugiya. Lamba ta biyu da ke kan fakiti ta kauri ce: 75/11 ta yawancin aiki, 90/14 ta yadi mai kauri ko zare mai ƙyalli. Inji mai kai 6, kowane kai da allura 12, allura 72 ke nan a ɗaure lokaci guda, don haka fakiti ɗaya ba ajiya ba ce. Allurar da ta dakushe ko ta lanƙwashe tana tsinka zare, tana huda shadda. A injin kwamfuta, in za ka ɗaura sabuwa, doguwar tsagar ta dubi gaba, ɗan ƙwarmin ya dubi baya.

Sai kwarkwaro da ƙoshiyarsa. A ajiye aƙalla ƙoshiya guda ta jira ga kowane kai. In ƙoshiya ta faɗi a siminti ta ɗan lotse, ba ta ƙara riƙe zare daidai. Ga yadda ake ganewa: juya bayan aikin, zaren ƙasa ya kamata ya ci kamar kashi ɗaya cikin uku a tsakiya, zaren sama ya kama gefe da gefe.

Sai farin man keke. Ɗigo ɗaya a ƙugiya mai juyawa bayan kamar awa huɗu na aiki ya isa. Kada a sa man gyaɗa ko baƙin man babur: na farko yana daskarewa ya riƙe ƙarfe, na biyu yana ɓata riga.

Kayan da ke mutuwa ba sallama

Waɗannan su ne ba a tunawa da su sai sun tsayar da aiki: ƙugiya mai juyawa, farantin da allura ke ratsawa, wuƙaƙen yanke zare, ƴan sifirin na matse zare, igiyar da ke juya keke, fis, gawayin inji ga ƙananan injinan da ke aiki da shi, da notin ɗaure allura. Noti kam a saye shi da yawa, don in ya faɗi cikin yashi an rasa shi ke nan. Guda guda na sauran ya wadatar da ƙaramin shago. A haɗa da turnabis ƙanana, hantsaki, buroshi, da filas na biyu mai ɗauke da duk zane-zanen da ke cikin inji.

Akwai kuma abin da ba sai an tara ba. Allon kwamfuta da katin lantarki suna da tsada, kuma kowane inji da irin nasa. Maimakon ajiye su, gara a kare su.

Wuta da ƙura

Wutar ƙasarmu bolt 220 ce, amma kowa ya san yadda take hawa da sauka, musamman lokacin zafi. Na'urar daidaita wuta ta fi katin inji araha nesa ba kusa ba. In an ɗauke wuta, a kashe inji kafin ta dawo. In da gurup ake aiki, a bar shi ya daidaita tukuna. Lokacin hunturu kuma ƙura na haɗuwa da mai da burbushin zare ta zama kamar yashi a cikin ƙugiya. A share kowane maraice, a lulluɓe keke da zane.

Me ya sa ba za a jira sai ya lalace ba

Yawancin kayan nan daga nesa suke zuwa, ta Kano ko ta tashoshin ruwa na maƙwabta. Ba mu manta ba: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, kuma iyakarmu da ita ba ta buɗe ba sai cikin Maris 2024. Ko hanya na buɗe, tela a Tasawa ko Madawa zai iya rasa kwana biyu zuwa uku kan abin da bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba. Lissafin mai sauƙi ne: ka duba abin da keken ke shigo maka da shi a wuni, ka ninka sau uku, ka gwada da kuɗin akwatin kayan gyara.

In za a sayo, a tafi da tsohon a hannu a gwada da sabon. Araha ba ta ado: ƙugiya ta jabu takan ci zare, ta sake mayar da kai kasuwa.

Ga ƴan uwa na ƙetare

Da yawanku kuna aiko wa ƙane ko ɗa keke don ya samu abin dogaro. Allah ya saka. Amma ku haɗo da allurai, ƙoshiya, ƙugiya, igiya da littafin keken. Ku kula kuma: kayan Amurka da Kanada galibi na bolt 110 zuwa 120 ne, in aka jona su kai tsaye a nan ƙonewa suke. Kafin ku saya, ku tambayi makaniken garinku ko ana samun kayan wannan samfuri a kusa.

Tsarin akwati

A samu gwangwani mai murfi, a ajiye inda damshi ba ya kaiwa, kowane abu da ledarsa da lambarsa. Mutum ɗaya ya riƙe makulli. Duk abin da ɗan koyo ya ɗauka a rubuta, a mayar da madadinsa cikin makon. Kada a ciri kayan wani kai a gyara wani, don haka inji mai kai shida ke komawa mai kai uku. Daidaita haɗuwar allura da ƙugiya kuwa aikin makanike ne, a kira shi ya duba keke tun cikin Sha'aban, a sake dubawa wata guda kafin layya.

Wanda ke da tambaya kan irin kekensa, ya aiko mana da suna da lambar keken, za mu kai wa masu gyara mu karanto amsar a shirinmu na sana'o'i.