Zangon Jirage: Cin Abinci a Filin Jirgin Kano

Ƙishirwar jirgi ce ta haifi gidan cin abinci a filin jirgin saman Kano. Jiragen farfela na shekarun 1940 da 1950 ba sa iya tashi daga Turai su dire Johannesburg ba su sake shan mai ba, kuma ga wanda ya ƙetaro Sahara, Kano ce babbar alƙarya ta farko. Tun ranar 1 ga Nuwamba 1925 hanyar ta buɗe, lokacin da jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zuwa ta Khartoum, sannan yaƙin duniya na biyu ya mayar da garin mashigar jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ana kai su Masar.

Bayan yaƙi ne kasuwa ta ci. Ga BOAC daga Landan, ga KLM da ya fara zuwa a 1947, ga Sabena na Beljiyam mai tafiya Leopoldville, wadda ake kira Kinshasa a yau. Yayin da ake ɗura wa jirgi mai sai fasinjoji su sauko, ƙafafu sun sage, kunnuwa na ƙugi saboda ƙarar inji. Wani mai babbar riga yakan busa kakaki in jirgi ya iso, kamar an yi baƙon sarki. 'Yan koli kuma sun baje kayan dukanci, jakunkuna da takalma da tumtum na jar fata. A ciki ana jiran baƙi da shayi da kofi, ƙwai da burodi, da giya mai sanyi ga mai sha.

Wannan giyar ce ta fi ɗaukar hankalina. Dokar Turawan mulki ta hana sayar wa mutanen Arewa barasa, amma Bature yana sha. Ke nan boyi Bakano mai farin kaya zai ɗauko kwalba a faranti, ya buɗe, ya zuba wa wanda bai san sunan garin ba sai jiya, alhali shi addini da doka duk sun shiga tsakaninsa da ita. Ina ganin girman waɗannan kuku da boyi. Su ne Kanawan da dubban matafiya suka fara gani, wasu ma su kaɗai suka gani, kuma sun riƙe baƙo yadda kakanninsu suka riƙe ayarin Azbinawa a zango: a ba shi ruwa, a ba shi abinci, a sallame shi lafiya.

Ba Kano kaɗai ba ce. A Shannon ta ƙasar Ailan, inda jiragen Amurka ke shan mai, tsayuwar dole ce ta haifi kantin farko na kaya marasa haraji a 1947.

A 1957 aka buɗe sabon ginin filin Kano, sai ga jirage masu dogon zango irin su Boeing 707 sun biyo baya, waɗanda ba sa bukatar yawan tsayawa. A hankali baƙin wucewa suka ja baya. KLM ya daɗe yana zuwa, har 2012.

Amma wasu matafiyan sun cika wurin, kuma namu ne. Alhazai, waɗanda iyayensu suka yi shekaru suna taka ƙasa ta Chadi da Sudan, suka koma jirgi. Daga baya 'yan kasuwar Jidda da Dubai suka biyo sahu. Da su abinci ya fito daga benen filin jirgin ya sauko bakin titi. Na taɓa kwana a bakin sansanin alhazai wajen rakiyar gwaggona, an ce jirgi sai asuba. Teburin mai shayi ne ya riƙe mu. Gwangwanayen madara a jere, burodi a tsibe, yana ɗaga kofi sama yana shekawa a wani don ya huce, ƙwai na soyuwa da albasa da attaruhu. Ba ya tambayar kuɗi sai ka tashi. Gwaggo ba ta ci komai ba sai fura, ta ce cikinta ya riga ta isa Makka. A jakarta kuwa akwai kilishi da ƙuli-ƙuli da yaji da garin kunu, domin ba ta yarda da abincin jirgi ba.

"Hajiya, ki sha ko rabin kofi ne," in ji mai shayin, "ki sa ni a addu'a in kin je Arfa." Ta sha, ya ƙi karɓar kuɗinta. Wajen ƙarfe huɗu aka fara kiran sunayen 'yan ƙaramar hukumarsu a lasifika.